Kaji da salwa a saman soro a Jidda

A unguwarmu bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, don haka duk abin da za a kiwata a saman soro, kunnen mutane ake fara dubawa kafin aljihu.

Da kajin Fayumi na fara, 'yan asalin Masar ɗin nan wake-wake masu farin wuya. Zafi bai dame su ba, ba sa yawan ciwo, kuma wajen wata biyar sun fara ƙwai. Natsuwa ce dai babu. Kina buɗe ƙofa za su watse, wata ta haye katanga ta faɗa gidan mutane. Ɗaya ta yi ƙwai, sauran duk su taya ta kyarkyara. Zakaran kuwa tun tsakar dare yake cara, har Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta tare ni a matakala ta ce, "'Yata, ladanin nan naku ba ya duba agogo ne?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, an kusa sallamarsa." Ranar Juma'a aka kai mata nata kason a kan shinkafa. Kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in 'yan tsaki ake so.

Kajin Brahma sun fi kowa sanyin hali, yara ma ɗaukarsu suke yi. Amma gashi har ƙafa a gumin Jidda azaba ne: baki buɗe, fiffike a sake, ga ci, ga jinkirin fara ƙwai. Ban ga ribarsu a nan ba.

Salwa ce ta fi ɗaukar mini hankali. Ba ta kwanci a keji, sai da injin ƙyanƙyasa, inda ƙwanta ke fashewa a kwana 17 zuwa 18, na kaza kuwa 21. Ɗan tsakon bai kai giram 10 ba, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi, shi ya sa nake zuba tsakuwa a mazubin ruwan su riƙa sha ta tsakani. Ba na shimfiɗa musu jarida, santsinta na raba musu ƙafafu. Tsohon tawul ya fi. Abincin 'yan tsakin kajin nama nake ba su saboda furotin, amma sai na ƙara niƙa shi. Kada zafin gari ya ruɗe ki, makon farko suna son ɗumi wajen digiri 35 dare da rana. In sun cure ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun guje mata ya yi yawa.

A mako shida zuwa bakwai sun fara ƙwai. In salwa ta firgita sama take zabura, don haka na sa raga mai laushi a rufin kejin. Nesa da kaji nake ajiye su, gudun murar kaji.

Kukan matan salwa bai fi na gyare ba. Namijin ne mai ƙara, musamman in mata sun yi masa kaɗan, ga faɗa har fashin kai. Ɗaya nake barin wa mata huɗu ko biyar, ragowar mazan ana yanka su a mako takwas.