Sirrin na mai shi ne, ba na oga ba

Tunda na ajiye aikin akawu a ofishin lauya, ƙannena masu shirin shiga wannan layi suke tambayata abin da zan gaya musu. To, ga shi.

Ogan namu yana da abin da yake toshe mana baki da shi, wato sirrin aiki. Kuma ba duka ne ƙarya ba. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake wa aiki ya faɗa masa, ko da sun rabu, sashe na 193 kuma ya haɗa da akawu da tafinta. Ni kuwa duka biyun nake yi, don yawancin masu zuwa wurinmu ba sa jin Turanci.

Akwai wani dattijo da diyyar gonarsa ta biyo ta hannun ofishinmu. A gabana aka ƙirga masa abin da bai kai rabi ba, ya dangwala yatsa, har da godiya. Da 'ya'yansa suka gano, ya kai ƙara babbar kotu, aka kawo mini sammaci. Oga ya kira ni ya turo ƙofa, ya ce, "Kai yaro, ka kuskura ka buɗe baki, doka ce za ta hau kanka."

Daren nan na zauna na karanta sashen da kaina. Ashe hanin yana faɗuwa da zarar mai sirrin ya ba da izini ƙarara. Baba ne mai sirrin, kuma shi ya ce in faɗa. Domin kare irinsa aka yi dokar, oga ya mayar da ita bargon rufe kansa. Lauyan oga ya miƙe ya yi ta ja, alƙali ya ce in ci gaba. Na faɗi abin da idona ya gani, ban ƙara ko kwabo ba.

Sauran sirrukan da dokar ta kare kuwa, ga su a taƙaice. Ba a tilasta wa mace ta faɗi abin da mijinta ya gaya mata cikin aure, auren Musulunci ne ko na al'ada. Ba a matsa wa ɗan sanda ya ambaci wanda ya tsegunta masa laifi. Likita kuwa, duk da yadda ake zato, dokar ba ta ba shi wannan kariya ba.

Ku riƙa buɗe dokar da kanku, kada ku tsaya ga abin da babba ya ce tana cewa. Shi dai namu har yau yana yawo da ni cikin lauyoyi wai ba na riƙe amana, albashina na ƙarshe kuma yana hannunsa.