Wasiƙa daga Kortrijk: Katuna Uku na Gida Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, yaya iyali?

Ran Lahadi na leƙa kasuwar tsofaffin kaya a nan Kortrijk, yankin Filandas na Beljiyam, na tarar da wani dattijo da kwali cike da ƙananan katuna, kowanne bai kai tafin hannu ba. Mutanen nan suna ce musu bidprentje, wato katin addu'a. Gaba hoton mala'ika ko waliyyi, baya sunan mamaci da ranar haihuwa da ta rasuwa, sai 'yan baitoci. Ranar jana'iza ake rabawa a coci, kowa ya soke nasa cikin littafin addu'a.

Ina cikin tonawa na ci karo da guda uku, uba ɗaya, ƙauye ɗaya, ba wanda ya kai shekara biyar. Jikina ya yi sanyi.

Wanda ya ga Filandas ta yau ba zai yarda an taɓa yunwa a nan ba. Amma a 1845 dankali ya ruɓe a gonaki, ga saƙar lilin ta hannu ta durƙushe saboda zaren injin Ingila. Annoba ta biyo baya, kwalara kuma ta sake dawowa a 1866. Cikin wannan zamani Guido Gezelle ya taso, malamin coci kuma mawaƙi, haifaffen Brugge a 1830. A 1858, yana koyarwa a Roeselare, ɗalibinsa Eduard van den Bussche ya rasu yana da shekara 18. Ya kwashi 'yan ajin suka je jana'iza a Staden, garin su yaron, daga nan ya rubuta Kerkhofblommen, wato furannin maƙabarta. Da ya ƙaura zuwa nan Kortrijk a 1872, iyalai suka yi ta neman ya tsara musu baitocin katin mamatansu, har da na jarirai. Da harshen mutanen ƙasa yake rubutawa, alhali manyan gari Faransanci suke taƙama da shi.

Nawa katunan babu sa hannun wani mawaƙi a jikinsu. Maƙwabciyata, wata tsohuwa, ta sa tabarau ta karanta mini. A biyu daga ciki yaron ne da kansa yake magana, yana ce wa uwarsa ta share hawaye, shi ya huta. Da farko abin bai kwanta mini ba, na ga kamar an ari bakin yaro ne don a hana uwa kuka. Sai na tuna mu ma in jariri ya rasu cewa muke yi ya koma, mu ba uwar haƙuri, a wuce wurin. Wannan ko ba komai an bar mata abin da za ta buɗe ita kaɗai.

Dattijon ya so ya sayar mini da ɗaya, wai ya fi kyan hoto. Na ce a'a baba, duka ukun zan ɗauka.

Ku gaida mutanen gida.