Sa'o'i Biyun da Na Ware wa 'Yan Ajin Farko

A shekarar da na fara digiri na biyu, sashenmu ya ɗauke ni mataimakin malami, aka damƙa mini wani rukuni na 'yan ajin farko. A takarda aikin ba shi da wuya: in yi musu bitar lakca sau ɗaya a mako, in duba jingarsu, sannan in ware sa'o'i biyu a ofis domin mai tambaya. Na manna sanarwa a ƙofa, na zauna ina jira. Har mako uku ɗalibai biyu kacal suka leƙo, su ma daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari. Shirun sauran kuwa na ɗauke shi alamar komai na tafiya daidai, har ina murnar samun sararin taɓa nawa karatun.

Gwajin farko ne ya farkar da ni. A cikin takardun da na duba akwai ta wani yaro wanda ya zubo ma'anar da malami ya bayar a lakca ba tare da ya bar ko waƙafi ba, alhali tambayar ta nemi ya yi aiki da ma'anar ne a kan wani misali. Da na kira shi, a bakin ƙofa ya tsaya, sai da na maimaita sau biyu kafin ya zauna a gefen kujera. Ya ce, "Malam, wallahi na yi karatu," ya miƙo littafinsa, rubutu tsaf, babu shafin da ya tsallake. Na rufe littafin na ce ya faɗa mini abin da ke ciki da bakinsa, sai ya sunkuyar da kai. Da na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa tun farko, amsarsa ita ce, "Na ɗauka sai wanda ya san abin da zai tambaya yake zuwa. Ni ban ma san inda na ɓace ba."

Daga ranar na daina zargin ɗalibai da sakaci. Yaron da ya fito daga sakandare ya saba malami ya bi shi, ya tambayi littafinsa, ya lura idan bai zo ba. A jami'a babu mai bin sa, kuma a idonsa shiga ofis tamkar amsa laifi ne.

Wata babbar malama a sashen ce ta nuna mini tsarin da Deanna Martin ta ƙirƙiro a 1973 a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a Amurka. Maimakon a ware ɗalibai a ce su ne raunana, sai a ware kwasa-kwasan da aka fi faɗuwa, a buɗe zaman bita ga kowa, ɗalibin da ya riga ya ci kwas ɗin ya jagoranta. Ban iya kwaikwayon tsarin gaba ɗaya ba, amma na ɗauki dabararsa. Na bar cewa "wanda bai gane ba ya zo," na koma cewa wannan babin duk shekara yana kayar da mutane, don haka ranar kaza za mu taru mu warware shi. Na kuma bar ofis na koma wani aji da babu kowa, ina raba ƙananan takardu kowa ya rubuta abin da ya shige masa duhu ba tare da suna ba. Idan na karanto tambaya, sai in ga kawuna da dama suna gyaɗawa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kame bakina su yi ta lalube a tsakaninsu, domin mai sabon ilimi yana son a ga ya sani.

Inda na yi kuskure babba shi ne wajen iyaka. Na ba da lambar wayata, kira ya riƙa shigowa tsakar dare, wani kan jinga, wani kan rashin lafiyar mahaifi, wani yana roƙon in ƙara masa maki biyu, abin da ba ni da hurumi a kansa. Babi na biyu na bincikena ya kwana wata guda ban taɓa shi ba, har mai duba aikina ya ja mini kunne. Dole na koyi cewa damuwar da ta wuce karatu tana da masu ita a ofishin ba da shawara, kuma kwatance ba ya wadatarwa, domin wanda ka ce wa ya je ba zai je ba sai ka taka ka raka shi.

Yaron nan ya ci kwas ɗin da kyar. A zango na biyu shi ne ya riƙa jawo abokan ɗakinsa zuwa bita. Akwai kuma wata yarinya da ke zama a layin baya, ba ta taɓa rubuta komai a takardun tambaya ba, kullum ina cewa gobe zan tsayar da ita. Da aka dawo hutu, sunanta ba ya cikin jerin waɗanda suka yi rajista.