Kafin Ka Sayi Na'urar Yanka, Duba Manhajar Da Za Ta Tuƙa Ta

Mai son fara yanka sitika, ko sunaye a riga, ko adon katin biki, tambayarsa ta farko kusan kullum ita ce wace na'ura zai saya. A ganina ta baya aka ɗauko zancen. Na'urar wuƙa ce kawai da injin da ke jan ta dama da hagu. Manhaja ce ke faɗa mata inda za ta bi, kuma wasu kamfanoni sun ɗaure na'urarsu da manhaja guda, ba ka da ikon sauyawa bayan ka biya kuɗi.

Abu ɗaya ya kamata ya zauna tun farko. Na'urar ba ta ganin hoto, layi take bi. Fayil irin su JPG da PNG ɗigo-ɗigo ne na launi, babu hanyar da wuƙa za ta taka a cikinsu sai manhaja ta zagaye gefen hoton ta fitar da layi. SVG da DXF kuwa layi ne tun asali. Don haka tambayar da za ka yi wa kowace manhaja biyu ce: shin tana karɓar SVG, kuma shin tana barin ka fita da aikinka a SVG?

Na'urar Cricut, ko Explore ce ko Maker ko Joy, da manhajar Design Space kaɗai take aiki. Wannan ba sabon abu ba ne. A 2010 da 2011 kamfanin, lokacin yana amsa sunan Provo Craft, ya kai masu manhajojin Make The Cut da Sure Cuts A Lot kotu, aka sasanta a kan su daina tuƙa na'urorin Cricut. Design Space kyauta ce, tana karɓar SVG ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ɗan koyo kan gane ta a yini ɗaya. Amma sai ka buɗe asusu, kuma ɗora sabon zane yana buƙatar intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai shago inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta ba ka damar fitar da zanenka a SVG. Duk abin da ka gina a cikinta, a cikinta zai zauna. A 2021 ma kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biyan kuɗin wata zai tsaya a ɗora zane 20 a wata. Da jama'a suka yi ca aka janye, amma ya nuna a hannun wa maƙulli yake.

Silhouette Studio, ta na'urorin Cameo da Portrait, ta fi Design Space ƙarfi wajen zane kuma tana aiki babu intanet. Tarkonta a matakai yake. Ta kyauta ba ta buɗe SVG, sai DXF da hotuna. Matakin Designer Edition ke buɗe SVG, fitar da shi kuma sai Business Edition. Mai son zama a ta kyauta zai iya juya zanensa zuwa DXF, sai dai DXF kan farfasa lanƙwasa ta zama ƙananan miƙaƙƙun layuka masu yawa, launuka su ɓace, wuƙa ta riƙa tafiya tana tsayawa. Gara a biya kuɗin Designer sau ɗaya a huta.

Na'urar Brother ScanNCut kuwa tana da tata manhajar, CanvasWorkspace, kuma ana iya sa mata SVG a filash kai tsaye.

Sai manyan na'urorin nan masu ƙafa da ke shagunan masu sitika da allunan talla, yawancinsu 'yan China, masu faɗin inci 24 ko fiye. Su kan zo da Artcut ko SignMaster, suna jin yaren da ake kira HPGL, kuma ba a ɗaure suke ba. Sure Cuts A Lot na tuƙa da yawa daga cikinsu. Idan irin wannan na'ura ta ƙi motsi ko ta ja layi na hauka a tsakiyar aiki, kafin a zargi manhaja a duba lambar tashar COM da aka zaɓa, wato mashigar da kwamfuta ke magana da na'urar ta cikinta, a kuma tabbatar saurin sadarwa ɗaya ne a na'ura da kwamfuta, galibi 9600.

Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu. Yi zane a Inkscape, wadda kyauta ce, ko CorelDRAW da hannun yawancin masu ɗab'i ya riga ya saba da ita. Ajiye uwar zanen a SVG a kwamfutarka. Manhajar na'ura ka bar mata aikin aika wa wuƙa kawai. Ranar da ka sauya na'ura, jarinka na zane yana nan.

A wajen rubutu ne ake asarar ledar sitika mafi yawa, don haka bari in daɗe a nan.

Kalmar da ka buga a manhaja ba siffa ba ce tukuna, umarni ne cewa a nemo salon haruffa kaza a nuna. Idan ka kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da wannan salon, za ta musanya shi da wani, ko rubutun ya ɓace. Magani shi ne mayar da rubutu layi kafin ajiyewa: a Inkscape Object to Path, a CorelDRAW Ctrl+Q. Ka riƙe kwafi ɗaya da ba a mayar ba, domin bayan an mayar ba a gyara kuskuren harafi.

Salon haruffa mai haɗe-haɗe, irin na katin ɗaurin aure, yana da wata matsalar. A allo kalmar kamar guda take, alhali kowane harafi da nasa gewayen, wutsiyar wannan ta hau kan wancan. Wuƙa za ta yanka kowane gewaye daban, sunan ya fito gutsu-gutsu. Sai an narkar da su sun zama siffa ɗaya, wato Weld a Cricut da Silhouette da CorelDRAW, Union a Inkscape. Kafin ka narkar, ƙara girman allo ka duba tazara. Idan haruffa sun matse da yawa, cikin a ko e ko o zai toshe. Idan hakan ta faru, koma baya, buɗa tazarar kaɗan, sannan ka sake.

Ga masu yanka Hausa akwai ƙarin jarrabawa. Yawancin kyawawan salon haruffa da ake saukewa kyauta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ka buga Ɗanladi ko ƙauna, sai ka ga akwatin banza, ko kuma manhaja ta aro harafin daga wani salon ba tare da ta sanar da kai ba, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Kafin ka yi wa mai aiki alkawari, buga haruffan nan manya da ƙanana ka gani. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su, saɓanin da yawa da aka rubuta don amfanin kai kaɗai. Idan dole sai wani salon da babu su, mayar da rubutun layi, ɗauko lanƙwasar kan f ta salon, ka ɗora a kan k ko d, ka narkar. Ta fi ƙugiyar da aka zana da hannu dacewa, saboda kaurinsu ɗaya. Larabci da Ajami kuma wasu manhajojin yanka kan warware haruffansu ko su jera su daga hagu. Rubuta su a Inkscape, wadda ke haɗa su daidai, ka mayar layi, sannan ka aika. Akwai ma salon Alkalami na SIL da aka yi a kan rubutun Ajami irin na Kano.

In tambarin fenti za ka yanka, wanda ake ɗorawa a fesa, tuna cewa cikin O da A da B zai faɗo. Sai an bar 'yar gada ta milimita 2 zuwa 3 da za ta riƙe shi.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne girma. Illustrator na lissafi da ɗigo 72 a inci, Inkscape ta yanzu da 96. Zanen santimita 10 zai iya buɗewa a 7.5 a wata manhajar. Zana murabba'i mai girman da ka sani kewaye da aikin, in ka buɗe ka daidaita duka da shi, sannan ka goge shi.

A manyan na'urori, manhaja mai kyau dole ta ba ka damar saita tazarar bakin wuƙa, domin tsinin ba a tsakiyar sandar yake ba, yana bin baya ne kamar tayar keken guragu. Wuƙa mai kusurwar digiri 45 kan so wajen milimita 0.25, mai 60 kuma wajen 0.5. Yanka murabba'in santimita 2 ka duba kusurwoyinsa. In sun yi zagaye, lambar ta yi kaɗan. In sun fito da ƙaho, ta yi yawa. In layin bai rufe ba, ya bar ɗan zare a inda ya fara, ƙara Overcut kaɗan, wato ɗan ƙarin yankan da wuƙa ke yi ta wuce inda ta fara. Cricut da Silhouette su kan yi wannan lissafin da kansu.

Ledar riga da ake mannawa da zafi ana yanka ta ne ta baya, gefe mai sheƙi a ƙasa, don haka sai an juya zanen kamar a madubi. Design Space na da maɓallin Mirror a shafin da ke gab da yanka, kuma kowace tabarma, wato faifan da ake manna ledar a kai, ake kunna wa nata daban. Silhouette Studio kan tambaye ka idan ka zaɓi irin wannan leda. A manyan na'urori babu mai tuna maka, don haka ka juya tun a uwar zane, ka sa kalmar "juyayye" a sunan fayil ɗin.