Mun dawo gida lafiya, ga godiyata

Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar muka sauka Kano, ni da ƙawata Maman 'yan biyu. A keken marasa lafiya aka turo ta daga bakin jirgi, amma da muka zo ƙofar fita ta ce sam, ba za ta bari 'ya'yanta su fara ganin ta a zaune ba. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta taka da ƙafarta har wajen mota.

Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, ku yi mini afuwa. Jikina har yanzu agogon Chana yake bi, ƙarfe 2 na dare na farka ina neman takalmi wai zan tafi asibiti. Da na ga rufin ɗakina na zauna na yi kukan da ban samu sukunin yi a can ba, shi ya sa nake rubuta wannan tun kafin a kira asuba.

Kun san yadda aka yi, ba sai na maimaita ba. Tafiyar kwana 10 ce muka shirya zuwa Chana, mu sayo mata kayan gidan da ta shekara 6 tana ginawa bulo-bulo a Rijiyar Zaki tun rasuwar Abban 'yan biyu, sai Allah ya mayar da ita kwana 22. Ni 'yar rakiya ce kawai, mai riƙe jaka da littafin lissafi. Kwana 3 muna taka kasuwar kujeru ta Lecong, shaguna hagu da dama a bakin titi har kusan kilomita 5, hawa kan hawa, tana cewa cikinta na murɗawa ina cewa yunwa ce, tunda mun ƙi cin komai sai biskit da shayi don gudun abin da ba mu sani ba. Wannan maganar tawa har yau tana cin raina. A rana ta 6 muna shagon tayil a Foshan, mai shago ya buga kuɗi a kalkuleta ya miƙo mata ta buga nata, kalkuletar ta suɓuce daga hannunta, ita ma ta bi ta ƙasa.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne na daren nan.

Wajen ƙarfe 11 likita ya fito da takarda. Afendis ne, yana gab da fashewa, tiyata yanzu-yanzu, amma sai wani nata ya sa hannu. Takarda shafi 4, ko harafi ɗaya ban gane ba, kamar sawun kaji a kan rairayi. Yaron da ke mana tafinta yana karanta mini yana sauke murya a wasu layukan, na gane layukan da ke maganar abin da zai iya faruwa ne idan ba a dace ba. Na ce a jira in kira gida. Tsakaninmu da gida awa 7 ne, wato a Kano ƙarfe 4 na yamma ne, rana tana sama, ba wanda zai ce barci yake yi. Hajiya Inna ba a isa a gaya mata ba saboda hawan jininta. 'Yan biyu shekararsu 14. Na kira lambobi 3 na waɗanda ya kamata a ce su ne masu sa hannun nan. Biyu suka yi ta ringi har suka katse. Na ukun ya ɗauka, ya ce yana wani wuri, zai kira. To, Allah ya sa dai lafiya ce ta riƙe shi.

Na karɓi biro. Akwai wani gurbi a ƙasa, tafinta ya ce nan ake rubuta dangantaka, me zai rubuta? Ni da ita ba uwa ba uba, ko garinmu na asali ba ɗaya ba, gado ɗaya kawai muka haɗa a makarantar kwana, ita a sama ni a ƙasa. Na ce rubuta yayarta. Ya dube ni, na ce rubuta. Ya zana wasu haruffa biyu iri ɗaya, na sa hannu a gefensu hannuna yana rawa har sa hannun bai yi kama da nawa ba. Da aka zo wucewa da ita ta kama mayafina ta ce, "Yaya, littafin nan yana jakata, in ban fito ba kada ki bari kafin alƙalamin mutane ya salwanta, gidan yaran nan ne." Ba ta taɓa ce mini Yaya ba sai ran nan, kullum da sunan tsokana take kira na.

Ƙofa ta rufe, sai na tuna ban yi magariba ba balle isha'i. Na yi alwala a banɗaki, na sami wani lungu kusa da matakala, na shimfiɗa ɗankwalina na biyu. Kwana 6 ina duba alƙibla a waya a masauki, amma a daren nan waya ta mutu, kaina ma ba ya tare da ni. Na tambayi tafinta ina rana ke fitowa, ya nuna mini ya ruga wajen biyan kuɗi, ni kuwa na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yarinya. Na ɗaga hannu zan yi kabbara ke nan na ji an dafa kafaɗuna biyu ta baya. Wata tsohuwa ce 'yar Chana, gajeriya, da ɗan lulluɓi baƙi a kanta. Ba ta ce komai ba, ta juya ni a hankali kamar yadda ake juya yaro za a ɗaura masa zane, har na ba gabas baya. Ta nuna gaba da yatsa ta ce "Makka." Sai a lokacin na tuna ai mun wuce Makka, daga can yamma ake kallo.

Ta cire takalmi ta tsaya kusa da ni. Ban san ko ta riga ta yi tata sallar ba, ni dai na ji kafaɗarta a jikin tawa har na sallame. Da na fara addu'a hawaye ya ci ƙarfina, ban iya haɗa kalma biyu ba, sai ita ce ke karanta Fatiha da irin tata muryar, ina cewa amin. Awa 2 da rabi tana zaune da ni a kan benci, ta cika mini kofi da ruwan zafi sau uku, don su can ruwan zafi suke ba mutum ko mene ne ya same shi. Da likita ya fito ya ɗaga babban yatsa, ita ta fara cewa Alhamdu lillahi kafin ni.

Daga baya na ji Musulmar ƙabilar Hui ce, mijinta take jinya a hawa na sama, ɗanta kuma yana da shagon taliya da naman shanu a bayan asibitin, irin masu koren allo da rubutun halal da ke ko'ina a garuruwansu, waɗanda muka yi ta wucewa muna cin biskit. Tun daga ranar da aka yarda Maman 'yan biyu ta sa abu a baki, kullum da safe sai ga kunun shinkafa a kula, ni kuma taliya. Na dunƙula kuɗi na sa mata a aljihu, ta biyo ni har lif ta mayar mini, ta nuna sama. Ayi muke ce mata, haka suke kiran duk wata babba, kamar mu ce Gwaggo. Ayi, na san ba za ki taɓa karanta wannan ba. Allah ya ba mijinki lafiya, Allah ya yi wa shagon ɗanki albarka, Allah ya kai ki Makkan da kika nuna mini da yatsa, ya haɗa mu a can ko a inda ya fi can.

Na san ba a so a riƙa kama sunan mai alheri a bainar jama'a, kuma wasu sun roƙe ni kada in yi. Ku yafe mini, zan faɗe ku da sunayen da aka san ku da su.

Ɗan Damagaram, ɗana. Mun yi da kai kuɗin tafinta na kwana 5, ka yi mana kwana 16, ka bar darasinka, ka kwana a kujerar roba. Kai ka kira 120, lambar gaggawa ta can, motar asibiti ta zo lokacin da ni salati kawai nake yi. Kai ka riƙa zirga-zirga a jirgin ƙasa tsakanin Gwanzu da Foshan kana kawo mana kaya daga masauki. Da na ce maka nawa ne, ka ce "Mama, in da tawa ce a kwance fa?" Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya sa iyayenka su ci moriyarka.

Mai shagon tayil, wanda kowa ke ce wa Lawban, wato maigida. Asibitin ya nemi a ajiye kuɗi, kuɗinmu kuwa duk suna cikin Alipay, manhajar biyan kuɗi, a wayar wadda ke kwance ba ta san inda take ba. Mutumin nan ko ciniki ba mu gama da shi ba, ya biyo motar asibiti a motarsa, ya ɗora wayarsa a na'ura ya biya, ya tafi bai karɓi ko takarda ba. Bayan kwana 3 muka mayar masa. Na so in saya a wurinsa ko da ya fi tsada, sai ma ya rage. Ba addininmu ɗaya ba, ina roƙa masa shiriya da buɗi.

Hajiya Mai Kago ta unguwar Shawbe a Gwanzu, Allah ya saka. Ke kika zaunar da ni kika koya mini abin da ban sani ba cikin yini ɗaya: tayil nauyi yake cinyewa, kujera wuri take cinyewa, sai an gwama su kwantena take cika daidai. Ke kika tuna mini ran 1 ga Oktoba ƙasar gaba ɗaya take tafiya hutun mako guda, masana'antu su rufe, in ba a loda kafin nan ba sai mu kai lokacin baje kolin Kanton da ɗakin otal ke ninka kuɗi, ga biza ta kwana 30 da kowace rana ɗaya a kanta tarar yuwan 500 ce. Yaranki suka bi shago-shago da rasiɗai suka tattaro komai zuwa sito, suka ƙirga a gabana.

Haka na ƙarasa sayayyar ni kaɗai, littafinta a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ina nuna mata kaya ta bidiyo tana kwance da robar ƙarin ruwa. Ku da kuka san ta kun san ciwo bai hana ta ciniki ba. Na je har Gujen garin fitilu, na nuna mata ta falo, ta ce in juya ta, in kunna, in kashe, sannan ta ce ta yi tsada in fita kamar zan tafi. Na fita kamar zan tafi, aka kira ni. Nas ta shigo ta ƙwace wayar saboda dariya tana ja mata ɗinki.

Jama'ar masallacin Juma'a na Gwanzu, wanda ke wurin da mutanen garin suke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne. Malamanmu sun ce a Baƙi'a yake kwance, ni dai ba wannan ya kai ni ba. Na faɗa wa mace ɗaya 'yar Zariya halin da muke ciki, kafin la'asar mutum 9 sun zo dubiya, har da 'yan Kumasi da wata 'yar Marwa da ta kawo man zafi da yaji. Allah ya bar zumunci.

Maigida, kai kaɗai ba zan kama sunanka ba, an san dalili. Ka bar ni na tafi kwana 10, na yi 22, ba ka taɓa tambaya ta yaushe zan dawo ba, sai dai yaya mai jiki. Ka ɗauko 'yan biyu ka haɗa da namu, ka riƙa zuwa gaida Hajiya Inna kana ce mata layin waya ne ba kyau. Allah ya yafe mana wannan ƙaryar ni da kai. Ƙawayenmu na makaranta da suka haɗa kuɗin canjin tikiti cikin dare ɗaya, da malaman Islamiyya da suka sauke Alƙur'ani, da waɗanda ban sani ba suka yi ta turo addu'a, Allah ya biya muku buƙatunku, ya tsare ku da kwanciya a inda ba ku da kowa, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a.

Waɗanda kuma saƙonsu na farko bayan kwana 9 shi ne "kaya sun taso?", e, sun taso. Da waɗanda suka ce dama me ya kai mace mai marayu Chana, ba ga kafintoci a gari ba, mun ji, mun gode. Ita ta hana ni magana, na kuma yi shiru.

Mai jiki tana gidan Hajiya Inna. Likita ya ce kada ta ɗaga abu mai nauyi har sati 6, don Allah masu dubiya a bari sai bayan la'asar, kuma a taƙaita zama, kada a ba ta dariya. Kwantena tana kan ruwa, an ce a sa rai da ita a Legas nan da wata ɗaya da rabi, sai ta iso za a sa ranar tarewa. Labulen falo ne kaɗai na zaɓa ban nuna mata ba, ranar tana barci ban so in tashe ta ba. A littafi ta rubuta ruwan toka, ni kuwa ruwan zuma na gani ya kwanta mini na saya. Sai yanzu take ji, a nan, tare da ku.