Gyaran Giyar Tsohon Babur Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

Garejina yana unguwar Yelwa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne buɗe cikin injin tsofaffin baburan Japan, irin su Honda CG125 da Suzuki A100 da ƙananan Yamaha. Faci da canjin baƙin mai akwai masu yi a kowace kwana. Amma ranar da giya ta fara fita da kanta, mutum yana hawan tudu a lamba biyu sai injin ya ɗauki kuka ƙafa kuma ta daina ja, ranar ake tambayar inda irinmu suke.

Yawancin masu zuwa sun riga sun zagaya. An ɗaure musu wayar kuloci, an sassauta, an canja faifan kuloci, ciwon yana nan. Dole ya kasance yana nan, domin ba a can yake ba. Wasu daga cikin giyoyin suna da ƙusoshi a gefensu da suke shiga ramukan 'yan'uwansu su riƙe su. Shekaru suna tafiya, bakinsu yana cinyewa yana zama mulmulalle, sai su riƙa zamewa da zarar an matsa wa babur. Mai shi kuma sai ya koyi danne sandar giya da ƙafa don kada ta fita, wannan dannewar ce take ƙona cokalin da ke tura giyar har ya yi shuɗi ya lanƙwashe. Ciwo ɗaya ya zama biyu.

Kwanakin baya wani dattijo daga Pitoa, tsohon malamin gonar auduga, ya kawo mini CG125 ɗinsa a bayan mota. Tun 1975 Honda ta fara fitar da wannan samfurin, kuma ta ƙera shi ne saboda ƙasashe irin namu, inda ake lodi fiye da kima, mai kuma ba a canja shi a kan kari. Shi ya sa har yau yawancin baburan China da 'yan kilando, wato masu acaɓa, ke hawa zubin injinsu nasa ne. Dattijon ya ce, "Yarona, 'ya'yana sun ce in sayar da shi a kilo." Na ce, "Baba, ku bar mini shi, amma kada ku tambaye ni gobe ko jibi."

A wannan injin babu hanyar kaiwa ga giya sai an raba shi gida biyu. A sauke shi daga jikin babur, a cire kai da silinda da fistin, a cire kuloci da matatar mai mai juyawa da ke bakin ƙaramshaf, wadda notinta yake da makullinsa na musamman. Wanda ba shi da makullin, kurfi da guduma yake sa masa, kuma ina gane aikinsu tun kafin in gama wanke murfin. Na ga injin da aka ɓamɓare da sukundireba, aka ci bakin alminiyon, daga ranar bai sake riƙe mai ba.

Maigidana da ya koya mini, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sufana sai ya gaji da wanke ƙarfe a kwanon kananzir. Idan ya zare sandunan giya biyu, waya yake ɗauka ya zura kowane haƙori da washa da zoben kulle bi da bi yadda suka fito, ya rataye a ƙusa. Yakan rufe mini ido da rawaninsa ya miƙo mini washa, ya ce in faɗa masa wace fuska ce mai kaifi. A lokacin ina ganin wahalarwa ce kawai. Bayan faɗuwar darajar kuɗinmu na sefa a Janairun 1994, da kayan Japan suka yi tsadar da ba mai iya taɓawa, waɗanda suka san auna tsohon ƙarfe su ware mai rai da matacce su ne suka ci gaba da cin abinci a sana'ar. Har yanzu da waya nake jera nawa.

Na dattijon nan giya biyar gare shi, cokula uku, da ganga mai tsagi wadda take jan cokulan hagu da dama. Na auna kaurin kowane cokali, na bi tsagin gangar da farce, na mirgina sandar cokulan a kan gilashi in ga ko ta karkace. Lamba biyu da abokiyar riƙonta sun tafi, cokali ɗaya ya ƙone. Boris ɗin da ke bayan ƙaramin haƙorin sarƙa shi ma yana gurnani, alamar an daɗe ana ɗaure sarƙa tamau. Sauran kuwa, bayan shekarun nan duka, ƙarfen yana sheƙi kamar sabon kwanon amarya.

Sai aka zo inda raina yake ɓaci kullum, wato neman kaya. Kwali mai kyau, tambari ja, har da rubutun Japan, a ciki kuwa ƙarfen da bai sha wuta ba. Ni da zarto nake zuwa kasuwa. Giyar gaske idan ka goga mata zarto zamewa yake yi, ta jabu kuwa nan take yake cinta. Wani mai kawo mini kaya ta hanyar Mubi ya rantse mini da abin da zai kashe shi, na goga a gabansa, gari ya zubo, ya ce wai zartona ne ya cika kaifi. Abin haushin shi ne mai babur ba ya ganin wannan. Shi dai ya ji wani a bakin kasuwa ya ce zai yi masa a rabin kuɗi kafin la'asar. Idan damina ɗaya ta wuce ya dawo, garin ƙarfen ya riga ya bi mai ya shiga ko'ina, tunda a wannan injin mai ɗaya ne yake wanke giya da kuloci da ƙaramshaf. Shi ya sa nake sayen matattun injuna na asali ina ajiyewa, daga Gidar har Marwa ana aiko mini. A cikinsu na samo wa Baba lamba biyunsa.

Wajen haɗawa ba na mayar da tsohon zoben kulle ko tsohon gaskit, ko da sun yi kyau a ido. Kafin in rufe murfi sai na juya gangar da hannu, ina murza sandar, na ji kowace giya ta shiga ta zauna tun daga ɗaya har biyar, furi kuma ya samu ba da lalube ba. Notuna a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Da na gama na hau shi na haye gadar Binuwai na dawo, na ba shi wuta a lamba biyu da gangan, ko gezau.

Da ya zo ɗauka na gaya masa abin da nake gaya wa kowa: zafin Maris da Afrilu na Garwa da ƙurar hunturu ba sa raga wa mai, a canja shi da wuri, a sa na babur ba na mota ba, a bar wa sarƙa ɗan sako-sako. Wanda kuma yake da irin wannan babur a jingine a zaure, ya kawo shi yadda yake. Kada a bari wani ya fara kwance shi a kawo mini a buhu, domin washa ɗaya idan ta ɓace, nemanta ya fi aikin kansa cin lokaci.