Daga Gadar Kukuta Zuwa Tudun Sanyi

Taron ungozomomi ne ya kai ni Kolombiya a ƙarshen 2022. Da aka watse, wata abokiyar aiki 'yar garin Kukuta ta ce ba zan koma gida ba sai na ga iyakarsu da Benezuwela. Ita ta zame mini baki da kunne, don ba na jin Sifaniyanci. Mun bar Bogota cikin hazo, muka sauka Kukuta zafi na dukan fuska kamar na bazara.

Washegari da sassafe muka nufi La Parada, unguwar da ke bakin gadar Simon Bolivar. Ƙarƙashin gadar kogin Tachira ne, ƙetarensa kuma Benezuwela. Masu baro, 'yan canji, masu tallan magani, kowa da kiransa. Wani yaro ya miƙo mini jakar hannu da aka saƙa da takardun bolibar, kuɗin Benezuwela, don kuɗin ya lalace har takardarsa ta fi shi daraja. Abin da ya kori mutane sama da miliyan bakwai daga ƙasarsu ke nan, ga rashin abinci da magani. Kusan miliyan uku daga cikinsu suna Kolombiya.

Wani kira ne ya fi yawa a kunnena, na tambayi ma'anarsa. Ta ce cewa suke yi "ana sayen gashi". A gefen hanya na ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin ba, zaune kan kujerar roba, jariri a cinyarta. Mai almakashi ta ɗage gashin sama ta ɗaure, ta yanke na ƙasa tun daga tushe, sannan ta sake na saman ya rufe wurin. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba, idonta na kan jaririn. Da aka ƙirga mata kuɗin sai ta cusa shi cikin safar yaron. Na kau da kai, don kallon ma ji na yi kamar ina ƙara mata ciwo.

Gashi kuwa shi ne mafi sauƙin abin da ake karɓa a wurin. Ƙasa da gadar akwai ɓarauniyar hanya barkatai, suna ce mata turoca. Tun da shugaban Benezuwela, Maduro, ya rufe iyakar a 2015, aka yi ta buɗewa ana rufewa, waɗannan hanyoyin suka koma hannun masu bindiga, irin su 'yan tawayen ELN da gungun Tren de Aragua. Mai fasfo ya bi gada. Wadda ba ta da shi, ko ba ta da takardun 'ya'yanta, sai ta ratsa ruwa da ciyayi, ta biya kuɗin wucewa. In babu kuɗi, jikinta ake nema. Abokiyar tafiyata ta ce a ɗakin haihuwa ta sha karɓar matan da cikin nasu a can aka same shi, kuma ba safai suke faɗa ba sai an daɗe ana hira.

Na tambaye ta me zai hana su kai ƙara. Ta ce wadda ta shigo ta turoca, ofishin 'yan sanda shi ne wurin da ta fi tsoro, kada garin neman haƙƙi a tasa ƙeyarta. Gaskiya ne gwamnatin Ivan Duque, shugaban Kolombiya na lokacin, ta yi abin a yaba a 2021, ta ba 'yan Benezuwela izinin zama na shekara goma. To amma wadda ta shigo ba bisa ƙa'ida ba bayan watan Janairun shekarar, ba ta ciki. Babu takarda, babu aikin kirki, babu hayar ɗaki da sunanta. Sai ta raɓe gidan wanda ya ba ta makwanci, ko da dukanta yake yi. Ga wata kalmar raini da ake jifan su da ita, beneka, wadda a bakin wasu take nufin mace mai zaman kanta. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: a kore ki da yunwa, a ci zarafinki a hanya, sannan a laƙaba miki sunan da zai sa kowa ya ce ke kika ja.

Rana ta biyu muka hau mota zuwa Pamplona, tafiyar kilomita 75, hawa zalla. Gefen titi ga masu tafiyar ƙafa, jaka a baya, yaro a kafaɗa, wasu da silifa. Burinsu Bukaramanga, kusan kilomita 200 daga Kukuta, kuma sai sun haye tudun Berlin, wanda tsayinsa ya haura mita 3,000, inda sanyin dare ya sha kashe mutane. Suna ɗaga wa manyan motoci hannu. Akwai direbobi masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda ke cewa matan su hau gaba, mazan su jira wata motar. Shi ya sa matan ke neman ayari su shiga, ko ba su san kowa a ciki ba.

A bakin Pamplona muka tsaya wani gida da ake kwantar da mata da yara. Na zauna da wata dattijuwa mai tafiya da jikokinta biyu mata, uwarsu na Peru tana jiransu. Ƙafafunta sun yi bororo sun fashe. Na roƙi ruwan ɗumi da gishiri na wanke mata, ina ce mata sannu Inna, ita kuma tana amsawa da yarenta, muna fahimtar juna. Ta nuna mini yadda ta yi wa babbar, 'yar shekara goma sha uku, aski irin na maza, ta sa mata hula da babbar riga. Ta ce da dare takan ɗaure hannun yarinyar da nata da igiyar takalmi, don ko barci ya sace ta, ta ji in an taɓa ta.

Da asuba suka kama hanyar tudun. Na cire rigar sanyina na sa wa ƙaramar, ta kai mata har gwiwa. Muka tsaya a ƙofa muna kallonsu, dattijuwar a gefen titi, yaran a gefen dutse, har hazo ya rufe su.